Daga Hawasha Zuwa Cikin Jirgi: Wa Ya Ce 'Yar Bahaushe Ba Ta Shiga Niƙaba?

Rigimar ta tashi ne a tsakar gidan yayana bayan sallar isha'i, muna zaune a kan angarib ana zagayawa da shayi. 'Yarsa ce ta kira daga Bur Sudan. Shekara biyu ke nan da ta samu aikin mudifa a wani kamfanin jiragen sama wanda ba zan ambaci sunansa ba, tana kai da komo tsakanin Bur Sudan da Jidda da Alƙahira, kuma albashinta ne ya riƙe gidaje uku tun ranar da yaƙi ya tashe mu daga ƙauyenmu, har ya dawo da mu hannu rabbana. Abin da ta kira ta faɗa gajere ne. Abokan aikinta sun kafa kwamiti, suna tara sa hannu domin a biya su alawus ɗin kwana a waje da aka riƙe musu wata da watanni, a kuma daina tayar da su aiki kafin barci ya sake su. Niyyarsu, idan hali ya yi, kwamitin ya zama niƙaba. Ta ce, "Baba, in sa hannu?"

Yaya bai bari ta rufe baki ba. "Kul! Ki riƙe aikinki, ki kama bakinki. Wannan harka ta masu ƙasa ce. Ranar da za a fara kora, da ke za a buɗe."

Na ce, "Yaya, ka yi mini aikin gafara, amma ina ganin ba a yi wa yarinyar nan adalci ba." Ya dube ni ya ce karatu ne ya ɓata ni. A gidansa nake, kuma gaba yake da ni, sai na haɗiye sauran maganar tare da shayin. A nan zan amayar da ita, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Daga Hasahisa har Damazin, da wuya ka shiga zauren da babu dattijo mai irin wannan huɗuba, kuma huɗubar ta girme mu duka. Ita aka yi wa kakanninmu a bakin tur'a, ita suka yi wa iyayenmu, yanzu ga shi mun bi 'ya'yanmu da ita har cikin gajimare.

Mu fara da aikin kansa, tun da yawancinmu abin da muka sani game da shi bai wuce yarinya mai murmushi da tiren abinci ba. Dokokin sufurin sama a galibin ƙasashe sun wajabta ma'aikaci ɗaya ga kowace kujera 50, kuma ba a amincewa da samfurin babban jirgi sai an gwada an ga za a iya kwashe duk wanda ke cikinsa a daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin a rufe. Dalilin zaman mudifa a jirgi ke nan. Shayi da burodi ƙari ne. A ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin kamfanin Japan Airlines ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, wuta ta cinye shi ƙurmus, amma mutum 379 da ke ciki duka suka fita da rai, saboda ma'aikatan cikin jirgin sun san ƙofar da za su buɗe da wadda za su bari. Mu ma a nan mun ga irin wannan rana a Khartum cikin Yunin 2008, sa'ad da jirgin Sudan Airways ya zarce titin sauka ya kama da wuta: mutum 30 suka rasu, sauran fiye da 180 suka tsira. Wanda aka ɗora wa irin wannan amana, idan an hana shi barci, rayukan fasinja aka yi caca da su. To wa zai faɗa wa kamfani haka? Yarinya ɗaya mai gidaje uku a wuya?

Akwai wani haɗari da ya kamata kowane Bahaushe ya riƙe a zuciya. A ranar 11 ga Yulin 1991 jirgin da aka ɗauko haya daga kamfanin Nationair na Kanada domin kwaso alhazan Najeriya ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma bincike ya tabbatar an san da haka kafin a tashi. Gaggawar cika jadawali ce ta rinjayi gyara. Tayoyin suka fashe a kan titi, wuta ta kama, jirgin ya faɗi kafin ya samu komowa. Mutum 261 suka halaka, ba wanda ya fita. Ban ce niƙaba ce za ta hura iska a taya ba. Abin da nake cewa, a kowane wurin aiki akwai ranar da ƙaramin ma'aikaci ke ganin abin da manya ba sa son a gani, kuma ko zai buɗe baki ko zai yi shiru ya danganta ne da amsar tambaya guda: in aka kore ni gobe, wa zai tsaya mini?

Masu wannan sana'a a wasu ƙasashe sun daɗe da ba kansu amsa. A Amurka, inda aka fara ɗaukar mata aikin a 1930, albashin farawa ya tsaya a dala 125 a wata har tsawon shekara goma sha biyar. A 1945 wasu mata ƙalilan a kamfanin United, ƙarƙashin jagorancin Ada Brown, suka kafa ƙungiya, kuma yarjejeniyar farko da suka ƙulla a 1946 ta ɗaga albashi zuwa dala 155, ta ƙayyade sa'o'in aiki da na hutu, ta kuma samar da hanyar ɗaukaka ƙara ga wadda aka zalunta. A wancan zamani idan mudifa ta yi aure an sallame ta, idan ta kai shekara 32 ko 35 an sallame ta, ana ɗora ta a sikeli kamar buhun dawa. Ƙungiyoyin ne suka yi ta jan kamfanoni gaban hukuma da kotu har sharuɗɗan aure da na shekaru suka rushe a ƙarshen shekarun 1960. Su ne kuma suka matsa har aka fara hana shan taba a jiragen cikin gida a 1988, aka faɗaɗa hanin a 1990. Duk fasinjan da ya shaƙi iska mai tsabta a jirgi yau ya ci albarkacin kuɗin wata-wata da waɗancan mata suka riƙa zubawa.

Kada a ce labarin da ne. Har kwanan nan, a Amurka da Kanada, agogon albashin mudifa ba ya fara bugawa sai an rufe ƙofar jirgi. Shigar da fasinja, jera kaya, jiran jirgin da ya makara, duk a kyauta. A watan Agustan 2025 ma'aikatan cikin jirgi kusan 10,000 na Air Canada suka tafi yajin aiki a kan wannan da batun albashi. Gwamnati ta ba da umarnin su koma cikin 'yan sa'o'i, suka ƙi, kuma a rana ta huɗu kamfanin ya yarda zai riƙa biyan aikin da ake yi a ƙasa. Abin dariya ma shi ne na kamfanin Delta, wanda ma'aikatan cikin jirginsa ba su da ƙungiya: a 2022, ana tsakiyar yunƙurin kafa ta, sai ga shi ya fara biyan rabin kuɗin sa'a a lokacin shigar fasinja. Inuwar niƙaba kaɗai ta sa aka buɗe lalita.

Ga kuma inda babu ita, kuma can ne 'ya'yanmu suka fi mafarkin zuwa. A Daular Larabawa babu ƙungiyar ƙwadago, a Ƙatar baƙo ba ya shiga. A 2014 tarayyar ƙungiyoyin ma'aikatan sufuri ta duniya tare da babbar tarayyar ƙwadago ta duniya suka kai ƙara gaban Hukumar Ƙwadago ta Duniya a kan kwantiragin Qatar Airways, wanda ya ba kamfani damar sallamar mudifa idan ta ɗauki ciki, ya kuma sa sai ta nemi izini kafin ta yi aure. A 2015 hukumar ta ce sharaɗin cikin wariya ne, kamfanin kuma ya sassauta dokokinsa. Ku lura da abu ɗaya: matan da abin ya shafa ba su da bakin da za su kai wannan ƙara. Ƙungiyoyin wasu ƙasashe ne suka ara musu. Mu da muke cewa aure da haihuwa su ne mutuncin ɗiya mace, ina jin ya kamata mu san wanda ya tsaya musu a ranar.

Na san amsar Yaya: can ƙasar Turawa ce, nan Sudan ce. To mu dawo Sudan, mu dawo ma cikin wannan laka da ke manne a ƙafafunmu.

Kakanninmu da yawa sun iso gaɓar Nilul Azraƙ bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu a bayan Muhammadu Bello Mai Wurno wanda garin Mai Wurno ke ɗauke da sunansa, wasu a hanyar hajjin da ke cin shekaru. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe aikin Jazira, guminsu na cikin ginin, yatsunsu kuma na cikin audugar. Amma ga yadda aka raba ribar a mafi yawan shekarun Turawa: kashi 40 na gwamnati, 40 na mai hawasha, 20 na kamfani. Ɗari ta cika. Ina kason mai tsinkar auduga? Babu shi a lissafi. Ladansa daga aljihun mai hawasha yake fita, gwargwadon abin da suka daidaita a bakin gona, shi kaɗai da guffarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu hawasha kuwa ba su daɗe ba suka gane karatun. A 1946 suka samu labarin cewa akwai asusun ajiya na sama da fam miliyan ɗaya da aka tara daga kasonsu, sai suka yi rantsuwa ba mai shuka auduga sai an fito da shi. Lokacin shuka na wucewa, Turawan Barakat suka ga ba wasa, aka saki fam dubu 400. Daga wannan yaji ne wakilcin manoma ya samo asali, ya girma ya zama Ittihadin manoman Jazira, har shugabansa Shaihu Al-Amin Muhammad Al-Amin ya zama minista a gwamnatin da ta biyo bayan juyin Oktoban 1964. Mutumin da jiya mufattish ke daka wa tsawa daga kan doki, ga shi a majalisar ministoci. A cikin waɗannan shekaru ƙauyukan masu hawasha suka samu rijiyoyi da makarantu da ɗakunan shan magani daga kason da aka ware wa ayyukan jin daɗin jama'a.

Kambo fa? Yana nan inda aka ajiye shi, a gefen tur'a, a kan ƙasar da ba tasa ba, bukka ba takarda, ruwan sha daga inda jaki ke sha, tsargiya da zazzaɓi gadon gida. Mutum ya haifu a kambo, ya yi sharaka a gyaɗa da dawa da albasa shekara hamsin, ya mutu a kambo, ɗansa ya ɗora. Sai a 2013 aka kafa Mu'utamar Kanabi, wanda ke cewa kanabin sun haura 2,000. A lissafa: daga 1946 zuwa 2013 shekara 67 ke nan. Tazarar da ke tsakanin ƙauye mai tankin ruwa da kambo mai shan tur'a, wani yanki nata wannan shekara 67 ce. Ban manta da dokar jinsiyya ba, wadda a 1948 da 1957 ta sa ma'aunin zama ɗan ƙasa a kan ranar 31 ga Disambar 1897, ta bar duk wanda ya zo bayan Burmi a waje. Zalunci ne, kuma ba mu muka yi wa kanmu ba. Amma a kan wannan zalunci mun ɗora namu na shiru, muka mayar da shi tarbiyya, muka sa masa suna kawaici.

Yanzu in tambayi Yaya, cikin ladabi: shirun nan na shekara ɗari, me ya saya mana? An ce mu sunkuyar da kai domin a bar mu lafiya. An bar mu? A Yulin 2022 a Rusairis da Ganis da kewaye, sannan a Oktoba a Wad al-Mahi inda aka kashe fiye da mutum 200, waɗanda aka ƙone wa gidaje ba 'yan niƙaba ba ne. Manoma ne da masunta da 'yan tireda masu bin irin huɗubar Yaya sau da ƙafa. A Janairun 2025, a kwanakin da aka ƙwato Wad Madani, an afka wa kanabi, kuma a Kambo Tayba kaɗai ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya aƙalla mutum 26 da aka kashe. Wanne ne cikinsu ya taɓa sa hannu a takardar neman haƙƙi? Idan shiru garkuwa ne, to tamu ta ɓule tuntuni.

A nan akwai maganar da na daɗe ina taunawa, na san kuma za ta sosa wa wasu rai. A 2022 abin da aka fito nema da sunanmu a Nilul Azraƙ sarauta ce, imara a cikin tsarin mulkin gargajiya. Ban ce neman laifi ne ba, kuma babu wani nema a duniya da zai halatta jinin da aka zubar. Amma sarauta a wannan ƙasa ɗaure take da ƙasa da ƙabila. Duk ranar da ka neme ta, maƙwabcinka talaka irinka zai ji kamar gonarsa ka zo karɓa, 'yan siyasa kuma su samu itacen hura wuta. Niƙaba wata ƙofa ce daban. Ba ta tambayar wace shekara kakanka ya ƙetare Chadi. Tambayarta: aikin me kake yi, nawa ake biyanka? A cikinta Bahaushiya da 'yar Shaiƙiyya da 'yar Nuba da 'yar Bija suna sanye da riga iri ɗaya, an riƙe musu alawus iri ɗaya, ƙuri'arsu nauyi ɗaya. Ban san wani zaure a Sudan da ke ba mu wannan daidaito a arha haka ba. Shi ne kuma zauren da dattawanmu ke cewa kada mu leƙa.

Sai zargi na biyu, wanda ake raɗawa a bayan masallaci: wai niƙaba aikin shuyu'iyyai ce. Gaskiya ne 'yan gurguzu sun yi ƙarfi a ƙungiyoyin Sudan. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da suka kafa ƙungiyarsu a 1946, suka yi yaji a Yulin 1947 har Turawa suka amince da ita aka yi dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 1948, akwai 'yan gurguzu a shugabanninsu, kuma Shafi'u Ahmad Shaikh, jagoran tarayyar da aka kafa a 1950, ɗaya ne daga ciki. Amma dubban da suka ajiye guduma a Atbara masu salla ne da azumi, Khatmiyya da Ansar, abin da ya fito da su albashi ne da gidan kwana. Kuma haɗa kai domin karɓar wa mai rauni haƙƙinsa ya girmi Markis da ƙarni goma sha biyu. Duk ɗalibin sira ya san Hilful Fuduli: baƙon ɗan kasuwa daga Yaman aka cinye wa kuɗin kaya a Makka, ba shi da dangi a garin, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har a biya shi. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya halarta yana matashi, ya kuma yabi wannan alkawari bayan aiko shi. Baƙo ne aka tsaya wa, jama'a. Baƙo.

Balle ma mu Hausawa, yaushe haɗa kai ya zama baƙon abu a wurinmu? Gayya da a nan ake kira nafir, adashen mata da ake kira sanduƙ, sarkin fawa da ke yanke farashi ya sasanta rikicin mahauta, madugu da ke magana da yawun ayari a gaban masu karɓar fito: duka dabara ɗaya ce. Kakanninmu ba su ƙetare Wadai da Darfur ɗai-ɗai ba. Niƙaba gayya ce da aka yi wa rajista da littafin kuɗi. Abin mamaki, mutumin da ba zai taɓa yarda ya yi rufin ɗaki shi kaɗai ba, shi ne ke cewa 'yarsa ta tunkari kamfani mai lauyoyi ita kaɗai.

Zargi na uku shi ne mai nauyi, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Ana cewa abin akwai haɗari, kuma niƙabobin ma sun zama karnukan gwamnati. Duka biyun akwai gaskiya. A Fabrairun 1956, wata guda da 'yan makonni bayan samun 'yancin kai, manoman aikin Joda a Farin Nilu suka ƙi miƙa auduga sai an yi musu lissafin kuɗinsu. Aka kama su aka cusa a ɗaki guda a barikin Kosti, kafin gari ya waye kusan mutum 200 sun mutu saboda rashin iska. An rataye Shafi'u a Yulin 1971. Numairi ya murƙushe yajin ma'aikatan jirgin ƙasa a 1981. Gwamnatin 1989 ta rusa ƙungiyoyi a ranarta ta farko, ta kori dubbai da sunan maslahar jama'a, likita Ali Fadl ya mutu a hannun masu azabtarwa a 1990, sannan dokar 2010 ta cusa direba da manaja da mai shara a niƙaba ɗaya ta ma'aikata guda, domin kada wata sana'a ta samu murya tata. A Nuwamban 2022 aka sake daskarar da ayyukan ƙungiyoyin. Duk wannan ya faru. Amma a tambayi kai: me ya sa kowane mai mulki, da zarar ya hau, niƙaba yake fara nema ya shaƙe? Ba a ɗaure abin da ba ya cizo. Ƙungiyoyin nan ne suka durƙusar da Abbud a 1964, da Numairi a 1985, kuma gamayyar masu sana'o'i ce ta ja ragamar zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Bashir a 2019. Idan shugabannin wata niƙaba sun sayar da ita, maganinsu ƙuri'a da binciken littafin kuɗi, kuma wanda ke waje ba ya jefa ƙuri'a. A Agustan 2022 'yan jaridar Sudan sun zaɓi shugabannin niƙabarsu a karon farko cikin shekara 33, ba tare da jiran iznin kowa ba. Sudan kuma ta rattaba hannu a 2021 a kan yarjejeniya ta 87 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, mai tabbatar wa ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyar da suka ga dama. Takarda ce kawai, na sani. Amma takarda ce da za a iya ɗagawa a gaban alƙali.

Wani abu kuma da Yaya bai hango ba shi ne ranar da kamfanin kansa zai mutu. Kamfanonin jirage suna mutuwa kamar kajin gidan gona. Sudan Airways da aka kafa a 1946, wadda ta taɓa sauka Landan, kowa ya ga yadda ta ƙare da jirage a ƙirga da yatsun hannu ɗaya, tun kafin a ƙone na ƙonewa a filin Khartum a Afrilun 2023. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun ga nasu: Nigeria Airways ta daina tashi a 2003, aka bar ma'aikata kusan 6,000 suna bin haƙƙinsu, da yawa suka mutu suna jira. Ƙungiyoyinsu ne suka riƙe jerin sunayen, suka yi ta zarya da zanga-zanga shekara goma sha biyar, har a 2018 gwamnati ta saki naira biliyan 22 da ɗoriya, rabin abin da aka amince za a biya. An makara, kuma bai cika ba. Amma wanda sunansa ba ya cikin jerin ko wannan bai gani ba. Yaya yana tsoron ranar kora. Ranar rufe kamfani kowa ake kora, mai shiru da mai magana, bambancin kawai wa ke da wanda zai bi masa bashi.

Batun cewa da ita za a fara kuwa, ban musa ba. Mai yiwuwa ne. Wariyar da ake mana ba ta tsaya a ƙofar filin jirgi ba. To amma idan haka ne, ita ce ta fi kowa bukatar ƙungiya. 'Yar babban gida tana da kawu a ma'aikatar sufuri, tana da surukin da zai ɗaga waya. 'Yarmu wa take da shi? Idan an tashi rage ma'aikata babu yarjejeniyar da ta ce a bi tsawon shekarun aiki, son rai za a bi, kuma mun san wanda son rai ke fara tunawa da shi. Ƙa'ida rubutacciya ita ce dangin marar dangi, ba ta kuma rubuta kanta.

Washegari na kira ta da kaina. Ta ce, "Baffa, na ji muryarka jiya kafin Baba ya kashe wayar." Na ce mata ban isa in warware umarnin mahaifinta ba, amma zan faɗa mata abin da na sani. Ta nemi kwafin kwantiraginta ta ajiye a wajen wurin aiki. Ta riƙa rubuta sa'ar da ta fara aiki da sa'ar da ta tashi, kowace rana, a littafinta. Ta karanta dokar aiki ta 1997, ta san hanyar ofishin ƙwadago. Kada ta sa hannu a takardar da ba ta ga sunayen shugabannin kwamitin a samanta ba, kada ta ba da ko fam ɗaya ba rasit, kuma idan ta ji an fara karkatar da taron zuwa wata jam'iyya ko wani ɓangare na masu bindiga, ta miƙe ta faɗa a gaban kowa. Idan kuwa ta shiga, kada ta zauna a layin baya tana kallo kamar yadda muka saba. Ranar zaɓe ta tsaya takarar ma'aji. Sannan na ce ta sake kiran mahaifinta, ta yi masa bayani da bakinta, domin fushinsa na tsoro ne, kuma tsoron nan ba daga sama ya faɗo masa ba: ya kwana uku a cikin rake da iyalinsa a bara waccan.

Ta kira shi. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba. Abin da na sani, sunanta ne na goma sha bakwai a takardar, kuma har yau da nake wannan rubutu ba a biya alawus ɗin ba, an dai ce wakilan kwamitin su zo a zauna mako mai zuwa. Jiya da yamma Yaya ya same ni a bakin tur'a ina wanke ƙafa. Bai yi mini sallamar da ya saba ba. Ya tsaya ya ce, "To malamin niƙaba, in suka kore ta, gidaje ukun nan kai za ka ciyar?" Na ce masa kwamitin ya buɗe sanduƙ domin irin wannan rana, kowa na zuba wani abu duk wata. Ya tambaye ni nawa ke ciki. Na faɗa masa. Ya ce ko buhun dawa biyar ba zai saya ba, kuma gaskiyarsa ne.